Tsibiran Kakannin Jikana

Tun da na dawo ban samu na zauna a rumfata ta kasuwar Aboabo na auna wa mutum man kaɗe cikin natsuwa ba. Wannan ta leƙo ta ce, "Mma Asabe, wai da gaske kin shiga teku?" Waccan ta ce, "An ce surukanki da jemagu suke zumunci." Har gidana a unguwar Tishigu ake biyo ni da tambaya. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, ga shi duk wadda ta ɗauki guntu sai ta zuba masa gishiri kafin ta kai layin masu albasa. To ga shi nan ɗungurungum. Abin da kuka ji a wani wuri wanda babu shi a nan, ba daga bakina ya fito ba.

Autata Rabi ce sanadin tafiyar. Tana sayar da atamfa a Elubo, bakin iyakar Gana da Kodebuwa, ta haɗu da Isa. Shi ɗan masunta ne daga can ƙetaren iyaka, amma a zangon Kumasi ya koyi gyaran inji, a can ya musulunta, a can ya tsinci Hausa, irin wadda mace da namiji duk "ya" ake ce musu. Aka ɗaura aure nan Tamale, ya tafi da ita garinsu. Da ta samu ciki muka shirya za ta zo gida ta haihu a gabana. Yaron bai jira shirinmu ba. Wata safiya Isa ya kira ni a waya ya ce, "Mma, Rabi ya haihu. Namiji."

Na yi hamdala, sannan hankalina ya tashi. Haihuwar fari a hannun mutanen da ban taɓa gani ba, ban san ko sun san wankan jego ba, balle kunun kanwa. Na ƙudura a raina zan je a yi suna, in ɗauko 'yata da jaririnta su yi arba'in a ɗakina. In an hana ni, a ji mu.

Na haɗa gero da kanwa da daddawa, da yajin jego gwangwani guda, da ƙwaryar man kaɗe mafi kyau a rumfata. Ƙanena Garba, mai tuƙa yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, ya ce shi zai raka ni. Ya taɓa zuwa Lome sau ɗaya yana saurayi, tun daga nan yake lissafa kansa cikin masu jin Faransanci.

Daga Tamale zuwa Kumasi babu abin faɗa, hanya ce da kowa ya sani. Mun ci soyayyar doya a Kintampo, mun kwana a zango gidan wata ƙawata. Washegari muka shiga ƙaramar motar da ke bi ta Tarkwa, a nan wahala ta fara. Ramukan hanyar sai ka ce an haƙa su ne don a dasa kuka. Ni kuma don gudun kada a danne mini ƙwaryar mai a saman mota, sai na tura ta ƙarƙashin kujerata, ban san inji ne a wurin ba. Can muna tafiya wani mai kwat a bayana ya ce da Turanci wa ya zubar da miya. Na duba, ashe man ne ya narke yana bin ƙasan mota kamar ruwan alwala. Yaron mota ya zo karɓar kuɗi, santsi ya kwashe shi, ya zauna a cinyar mai kwat. Ni kunya ta rufe ni, amma wata tsohuwa 'yar Fante da ke kusa da ni ko a jikinta. Ta tuɓe takalmi ta dangwala tana shafa wa fasonta, ta ce irin wannan mai ba a samunsa a garinsu. Kafin mu kai Elubo rabin matan motar ƙafafunsu na ƙyalli.

A iyaka aka ce kowa ya sauka ya taka gada da ƙafa. Ɓangarenmu ba a tsayar da mu ba. Da muka ƙetare kogin, wani ma'aikaci ya duba katin rigakafinmu, wani kuma ya ce a kwance kaya. Ya ɗaga daddawa ya sansana, ya kawar da kai. Ya kai hannu kan gwangwanin yaji. Na ce, "Garba, gaya masa ya buɗe a hankali." Garba ya yi gyaran murya, Faransancin Lome ya ƙi fitowa. Mutumin ya finciko murfin ya kai hanci. Atishawar da ya yi har hularsa ta faɗi, abokan aikinsa suna riƙe ciki.

Da ya share hawaye ya karɓi katin Garba, ya karanta sunan, sai shi ma ya fashe da dariya. Ya kira na kusa da shi ya nuna masa. Suka yi ta maimaita "Garba, Garba," ɗaya yana yi da hannu kamar mai kai loma baki. Ran ƙanena ya ɓaci, ya ce mini, "Yaya, mutanen nan ba su da tarbiyya."

Sai da muka fito muka gane. Gefen tasha akwai wata rumfa, wani Bahaushe mutumin Tawa yana soya kifi. Da ya ji abin da ya faru ya ce, "Ai ɗan'uwa, a ƙasar nan sunanka abinci ne. Ga ka nan a faranti." Ya zuba mana aceke, wato garin rogo da aka turara, ya ɗora soyayyen kifin teku da yankakken barkono da albasa. Ya ce 'yan'uwanmu na Nijar ne suka fara sayar da shi, shi ya sa mutanen ƙasar suka laƙaba masa sunan. Garba ya ci faranti biyu yana cewa shi dai bai yafe ba.

Isa ya tare mu a Adiyake, wani gari a bakin ruwa, ya sa mu a mota zuwa ƙauyensu. Abin da na fara gani shi ne ruwan. Tafki ne, sunansa Abi, amma in ka tsaya a wannan gaɓa da ƙyar kake hango waccan. Can ƙasa yana da baki da yake haɗuwa da teku, shi ya sa wani wuri ruwansa daɗi, wani wuri gishiri.

Gaisuwarsu ta ba ni mamaki. Aka jera mana kujeru, aka kawo ruwa, sannan dangi suka taso ɗaya bayan ɗaya suna ba mu hannu, daga dama zuwa hagu, maza da mata. Bayan nan wani dattijo ya tambaye mu, ta bakin Isa, wai me ke tafe da mu. Na ce, "Isa, ba su san Rabi ta haihu ba ne?" Ya ce, "Sun sani, Mma. Haka ake yi. Sai baƙo ya faɗa da bakinsa." Na faɗa, suka yi ta gyaɗa kai kamar yau suka fara ji.

Uwar Isa sunanta Ajoba. 'Yar gajeruwa ce, ta girme ni, hannunta kamar icce saboda jan taru da ƙyafe kifi. Ba ta jin Hausa ko Turanci, ni ba na jin yarensu. Ta kama hannuna ta kai ni ɗakin mai jego. Na tarar da Rabi cikin fararen kaya, an zana mata farar ƙasa a kafaɗu da goshi, ta yi ɓulɓul. Na ja ta gefe na ce, "Ke, suna yi miki wanka kuwa?"

Ta ce, "Mma, safe da yamma. Ruwan tsohuwar nan ya fi naki zafi."

Na ɗan ji wani iri. Aka miƙo mini jaririn, na ga hancin marigayi mijina a fuskarsa.

Masaukinmu ɗakin gora ne, iska na shiga ta ko'ina, sauro ma haka. Abinci kuwa kifi ne da safe, kifi da rana, kifi da dare, da sakwarar ayaba da rogo. Ranar da aka sa mini ƙaguwa sukutum a miya, da ƙafafunta da komai, na rasa ta inda ake fara mata. Ajoba ta karɓa ta fasa da haƙori ta ciro mini naman, kamar mai ciyar da yaro. Ni kuma na dama kunun kanwa na ba ta. Ta kurɓa, ta ƙara kurɓa, ta miƙo kofin a ƙara.

Aka yi suna a wani ƙaramin masallaci na 'yan kasuwar arewa, aka yanka rago, yaro ya ci suna Sadiku. Washegari na tara mutanen gidan na ce wa Isa ya gaya wa uwarsa zan tafi da Rabi da yaro Tamale. Na gyara zama ina jiran gardama, har na tanadi amsoshi. Tsohuwa ta saurara, ta dubi ƙasa, ta yi magana gajeriya.

Isa ya ce, "Ya ce to. Ya ce yaro naki ne. Amma yana roƙo, kafin ku tafi, ki bi shi ki ga tsibirai."

Na ce, "A cikin ruwan?"

Ya ce, "A kwalekwalena, Mma. Da inji."

Ni da ko gadar Yapei in mota ta hau sai na rufe ido. Amma matar ta ba ni abin da na zo nema ba tare da ja-in-ja ba, da wane baki zan ce a'a? Garba ya ce kada in damu, shi ruwa ba baƙonsa ba ne.

Tsibiran guda shida ne a can ƙasan tafkin, kusa da bakin teku. Gwamnati ta killace su, ba a noma, ba a sare itace, ba a farauta, ba a kuma shiga sai da ma'aikacin gandun. Aikin Isa ke nan, ɗaukar baƙi zuwa can. Muka tashi da sassafe mu biyar: ni, Ajoba, Garba, Isa, da wani ma'aikaci dogo mai koren kaya wanda ke jin Turanci kaɗan. Aka ɗaura mini wata riga mai kumfa wai tana hana nutsewa. Na riƙe gefen jirgi da hannu biyu ina karanta duk abin da na haddace. Ba mu yi nisa ba Garba ya kwanta a ƙasan jirgin ya rufe fuska da hula, kifin jiya yana neman hanyar fita.

Da na ga ban mutu ba sai na fara buɗe ido. Itatuwan bakin tsibiran ba irin namu ba ne. Saiwoyinsu a waje suke, sun tsaya cikin ruwa kamar mutum ya tattare wando zai ƙetare rafi. Ma'aikacin ya ce a cikin saiwoyin nan kifi ke haihuwa, in aka sare su taru zai dawo wayam. Can sai ya ɗaga hannu, Isa ya kashe inji. Wani abu baƙi ya ɓullo da hanci, ya huro iska, ya nutse, ruwa ya yi kewaye. Isa ya ce, "Ayu ne, Mma." Ayu! Tun ina yarinya nake jin sunansa a bakin masu magani, ban taɓa zaton zan gan shi da rai ba. Na ce ai a kasuwarmu ana sayar da mansa a kwalba. Ma'aikacin ya ɓata fuska ya ce kashe shi laifi ne babba. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ni mai sayar da man kaɗe na san inda rabin man ayun kasuwarmu yake fitowa.

Daga nan Ajoba ta fara magana, Isa yana juya mini. Zan faɗi maganarta da tawa Hausar. Ta nuna wani wuri ta ce kakanninsu daga cikin ruwan nan suka fito, ba daga wata ƙasa suka zo ba. A kan ruwa suka fara gina gidaje bisa turaku, suna kamun kifi suna dafa gishiri. Ni dai na san Adamu da Hauwa'u, amma ban katse ta ba. Muka sauka a wani tsibiri, ta kai ni cikin kurmi ta nuna mini tsofaffin igwa na ƙarfe kwance cikin ganye, tsatsa ta ci su. Ta ce na Turawan da suka fara zuwa ciniki ne. Ta ce daga baya wani sarki ya taso daga cikin daji da yaƙi, ya ci kakanninsu, ya watsa su ƙauye-ƙauye a bakin tafkin, tsibiran suka zama kufai. Da zamani ya zo mutane suka fara sare itace suna tona ƙasa, sai dattawansu da kansu suka je suka roƙi gwamnati ta tsare wurin. Wannan ya tsaya mini a rai. Mu a wurinmu hukuma ce ke zuwa ta ce an hana, a nan masu wuri ne suka ce a hana su.

Tsibiri na gaba tun daga nesa na ji ƙara kamar kasuwa ranar jajibere. Na ɗauka 'ya'yan itace ne suka yi baƙi a rassan, ashe jemagu ne, manya, sun lulluɓe kowace bishiya. Ajoba ta tafa hannu a hankali ta yi musu magana kamar mai sallama a ƙofar gida. Ta ce muddin suna nan, kakanni ba su yi fushi sun tashi ba, don haka ba mai taɓa su. Na tuna mutanen Paga da kadojinsu, na ce kowa da irin maƙwabcinsa. Akwai kuma tsibirin da ba mu matsa kusa ba. Isa ya rage gudu, tsohuwa ta sauke ɗankwalinta zuwa kafaɗa, ma'aikacin ma ya cire hula. Wuri ne mai alfarma a wurinsu, ba a kai baƙo. Ni ma na sunkuyar da kai har muka wuce.

Tekun kuwa hango shi na yi ta bayan wani siririn yashi mai itatuwan kwakwa, yana tashi fari yana faɗuwa da ruri. Ban shiga ba, ban kuma yi sha'awa ba.

A hanyar komawa jirgi ya yi gurr ya tsaya. Ruwa ya janye, mun hau tudun laka. Isa da ma'aikacin suka sauka suka tura, ko motsi. Aka ce kowa ya sauka a rage nauyi. Garba ya ce shi ko za a yanka shi ba zai taka ba. Ni da Ajoba muka tattare zane muka shiga, ruwa har gwiwa, laka ta haɗiye mini takalmi ɗaya, har yau yana can. Duk da haka jirgi ya ƙi. Isa ya ce sai dai a jira ruwa ya dawo.

Muka samu wani kututture muka zauna, ƙafafunmu cikin ruwa. Na kira Isa na ce ya tambayar mini uwarsa abin da ke cina tun jiya: me ya sa ta ce yaro nawa ne?

Isa ya sunkuyar da kai, don maganar ta shafe shi, amma ya juya. Ta ce, "A wurinmu ɗa na dangin uwarsa ne. Isa nawa ne, ba na ubansa ba. Labarin da na ba ki yau daga uwata na ji, ita ma daga tata uwar. 'Ya mace ake ba wa, ta ba 'ya'yanta. Ni kuwa maza na haifa, ba mace ko ɗaya. Sadiku jininku ne, ba ni da ikon riƙe shi. Shi ya sa na kawo ki ki gani da idonki. In ya girma a ƙasarku ya tambayi inda ubansa ya fito, a samu mai ba shi amsa."

Na gyara zama a kan kututturen. Sannan na ce, "Isa, gaya mata a wurinmu ɗa na ubansa ne. Ni aro na zo yi. In an yi arba'in zan dawo muku da abinku."

Ya gaya mata. Ta dube ni, na dube ta. Sai muryar Garba daga ƙasan jirgi: "To fa. Ke kin ce nata ne, ita ta ce naki ne. In ba a yi hankali ba yaron nan zai tashi ba shi da kowa."

Isa ya juya mata wannan ma. Tsohuwa ta fara dariya, tana dukan cinyata, har dariyar ta koma hawaye, ta sa gefen zane tana sharewa. Ni kuma ina zaune ina tuna ramukan hanyar Tarkwa, da jaririn da cibiyarsa ba ta gama warkewa ba, da yadda na tarar da Rabi ta yi ɓulɓul a hannun matar nan.

Na ce, "Isa, gaya mata na fasa. A nan za a yi arba'in, ni ma a nan zan zauna. Amma ruwan safe nawa ne, na yamma nata."

Ba ta jira ya gama juyawa ba, ta kama hannuna ta riƙe. Muna nan a haka har ruwa ya dawo ya ɗaga jirgin.

Garba ya koma shi kaɗai bayan kwana biyu, ya ce yalo-yalonsa na kewarsa. Ni na zauna. Da safe in dafa ruwa da ganyen darbejiya in yi wa Rabi wanka, da yamma Ajoba ta yi da nata ganyayen ta shafa mata farar ƙasa. Tsakanin nan muna zaune a gindin kwakwa, tana ƙyafe kifi ina riƙe da yaro, tana maimaita mini sunayen tsibiran har sai na faɗa daidai. In na karkace ta sa ni in sake. Ita ma ta iya "sannu" da "ya isa" da "ƙaro kunu."

Ranar da zan taho, Isa ya ce sai na roƙi hanya a wurin dangi, haka al'adarsu take. Na roƙa. Dattijon nan ya ce sun ba ni rabi. Na ce rabi kuma, in tsaya a Kumasi ke nan? Isa ya yi dariya ya ce ba a ba baƙo hanya duka, ana riƙe rabin don ya dawo. Ajoba ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan ƙaramin filafili, irin abin tuƙa kwalekwale, sabon sassaƙa, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. Ta ce in kai shi Tamale in ajiye. Yaro zai riƙa zuwa wurina, ya kamata ya tarar da wani abu na gidan ubansa a can.

Yana nan rataye a bangon ɗakina. Shekaranjiya maƙwabciyata Mma Sanatu ta shigo aron muciya, za su tuƙa tuwon biki. Ina waya, na ce ta duba ta ɗauka. Sai na hango ta tana fita da filafilin a hannu, tana cewa wannan muciya mai faɗi ai za ta yi saurin tuƙi. Na yar da waya na bi ta har zaure ba takalmi.

Na ce, "Mma Sanatu, kawo. Wannan ba ta tuwo ba ce. Mai ita yana can bakin ruwa, ko zama bai fara ba."